Digiri a fannin zanen fenti: Abin da ake koyarwa, asalinsa a Zariya da inda yake kai mai shi

Zanen fenti reshe ne na fannin fasahar zane-zane da ake karantawa a jami'a har a samu digirin farko. Ɗalibin wannan fanni yana shafe shekarunsa ne yana koyon yadda ake sarrafa layi da launi da haske a kan takarda ko ƙyalle ko bango, tare da nazarin tarihin waɗanda suka yi wannan aiki kafinsa. A yawancin jami'o'in Najeriya karatun shekara huɗu ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, uku ga wanda ya shiga kai-tsaye da takardar NCE ko difloma, a jami'o'in fasaha kuma yakan kai biyar.

Da yake kalmar "fenti" a bakin mutane ta fi zuwa da ma'anar shafe bangon gida ko jikin mota, ya kamata a bambance tun daga farko. Mai fentin gida da mai rubuta allon shago da mai zanen bayan gingimari duk masu sana'a ne, kuma wasunsu na da hannun da ya fi na masu digiri da yawa. Abin da jami'a ke ƙarawa shi ne horo mai tsari, da ilimin tarihi, da tilasta wa ɗalibi ya iya bayyana dalilin abin da ya zana. Haka kuma fannin ya sha bamban da na tsara tambari da talla da zanen atamfa da ginin tukwane na zamani, waɗanda a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suna da nasu sashe daban. A Sashen Fasahar Zane-zane na wannan jami'a, wanda ke ƙarƙashin Tsangayar Tsara Muhalli, rassa huɗu ne ake ƙwarewa a kai: zanen fenti, da sassaƙa, da tarihin fasaha, da koyar da fasaha.

Yadda abin ya samo asali

Zane ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Akwai tsofaffin zane-zanen shanu a jikin duwatsun Birnin Kudu a Jihar Jigawa, akwai zayyanar allo da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, akwai adon soraye da zauruka na Kano da Zazzau da Damagaram, akwai aikin allura a wuyan babbar riga. Duk waɗannan a hannun magabata ake koyonsu, daga uba zuwa ɗa ko daga maigida zuwa yaronsa. Koyon zane a aji, da jarrabawa da takardar shaida, shi ne ya zo daga baya.

Wanda ake jingina wa wannan farawa shi ne Aina Onabolu, mutumin Ijebu-Ode da aka haifa a 1882. Da kansa ya koya wa kansa zanen fuskokin mutane, sannan ya tafi Landan da Faris a 1920 ya yi karatu, ya dawo a 1922 ya shiga koyarwa a makarantun Legas. Shi ne ya matsa wa gwamnatin mulkin mallaka lamba ta kawo malamin zane, aka kawo wani Bature mai suna Kenneth Murray a 1927. Daga cikin ɗaliban Murray aka samu Ben Enwonwu, wanda ya ci gaba da karatu a makarantar Slade ta Landan, ya kuma zama farfesan zane-zane a Jami'ar Ife a 1971.

Amma karatun zane a matakin gaba da sakandare a Zariya ya kafu. An fara shi ne a reshen Ibadan na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya a 1953, aka mayar da shi Zariya a 1955, ya kuma zama sashe na Jami'ar Ahmadu Bello lokacin da aka kafa ta a 1962. A shekarun farko kusan duk malaman Turawa ne, manhajar kuma ta makarantun zane na Ingila ce aka kwaso. Daga cikin 'yan ƙasa ƙalilan da suka koyar a lokacin akwai Clara Ugbodaga-Ngu, mace mai zanen fenti wadda ta yi karatu a Landan.

A 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar da ake kira Ƙungiyar Fasaha ta Zariya, waɗanda daga baya aka yi musu laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke, da Oseloka Osadebe. Laƙabin ya ɗan fi abin da suka yi zafi, domin ba su ƙaurace wa aji ba, ba su kuma yi watsi da abin da ake koya musu ba. Ƙorafinsu shi ne manhajar ba ta san da zaman fasahar gida ba, alhali ƙasar na gab da samun 'yancin kai. Sai suka ɗauki wata aƙida da Uche Okeke ya tsara a rubuce a 1960, wadda ma'anarta ita ce haɗa dabarun zamani da gadon gida ta yadda za su narke cikin juna ba tare da tilas ba. Idan hutu ya zo kowa ya koma garinsu ya bincika zane-zane da tatsuniyoyin mutanensa, ya dawo da su cikin aikinsa.

Ƙungiyar ba ta wuce shekara uku ba, domin a 1961 aka rufe ta, amma 'ya'yanta su suka riƙe ragamar fannin na tsawon shekaru. Yusuf Grillo, wanda aka sani da yawan amfani da shuɗi, ya jagoranci sashen zane na Kwalejin Fasaha ta Yaba, ya kuma zama shugaban farko na Ƙungiyar Masu Zane ta Najeriya. Ya rasu a 2021. Uche Okeke ya karɓi sashen zane na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka bayan yaƙin basasa, inda ya gina koyarwa a kan uli, wato zanen jiki da na bango na matan Ibo. Onobrakpeya ya yi fice a zanen da ake bugawa daga faranti. Demas Nwoko kuwa ya karkata ga tsara gine-gine, har aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin baje kolin gine-gine na Benis da ke Italiya a 2023. A Zariya kanta, waɗanda suka biyo baya sun haɗa da Kolade Oshinowo, da Gani Odutokun, wanda ya koyar a sashen har rasuwarsa a haɗarin mota a 1995, da Farfesa Jerry Buhari, ɗan Jihar Kaduna, da Kaltume Gana ta Kano.

Wani abu da ya kamata a lura da shi: akasarin waɗanda suka ɗaukaka sunan Zariya a wannan fanni daga kudu suka zo. Makarantar tana tsakiyar ƙasar da ta haifi Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin tsohon Masallacin Juma'a na Zazzau, amma 'ya'yan wurin ba su cika shigarta ba. Dalilan sun haɗa da matsayin zane a idon iyaye, da rashin malaman zane a sakandare, da kuma batun addini da za a zo kansa.

Sharuɗɗan shiga

Kamar sauran fannoni, ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci. Jami'o'i da dama na neman kiredit a darasin zane, wasu kuma suna sassautawa, ganin cewa makarantun sakandare da yawa ba sa koyar da shi. Wannan sharaɗi yana canzawa daga jami'a zuwa jami'a, don haka ƙasidar JAMB ta shekarar da za a nema ita ce abin dubawa kafin a cike fom. Wanda bai samu darasin zane a sakandare ba yana iya bi ta kwalejin ilimi ya yi NCE a fannin, ko ta kwalejin fasaha ya yi difloma, sannan ya shiga jami'a a aji biyu. Wannan hanya ta fi tsawo, amma masu bin ta sukan iso da hannu a gwanance. Ban da Zariya da Nsukka, ana karanta fannin a jami'o'in Ife da Benin da Maiduguri da wasunsu, yayin da kwalejojin fasaha na Yaba da Auchi suka yi suna wajen babbar difloma.

A ƙasashen waje tsarin ya ɗan bambanta. A Ingila digirin shekara uku ne, a Sukotland da Amurka huɗu, kuma abin da ya fi nauyi wajen ɗaukar ɗalibi shi ne kundin ayyukansa, wato tarin zane-zanen da ya yi da hannunsa. Ko a gida ma, yaron da ke da niyyar wannan karatu zai amfana idan ya fara tara irin wannan kundi tun yana sakandare.

Abin da ake yi a shekaru huɗu

Shekara biyun farko na share fage ne, kuma kowa da kowa ke yin su tare. Ɗalibi zai taɓa sassaƙa, ya taɓa tsara zane, ya karanta tarihin fasahar Afirka da ta Turai, ga kuma darussan gama-gari da jami'a ke ɗora wa kowane ɗalibi. Sai a aji uku ne yawanci ake rabuwa, mai son fenti ya koma ɗakin masu fenti.

Ginshiƙin karatun duka shi ne zane da fensir da gawayi, kuma ba a barinsa har a gama. Sabon ɗalibi kan zo da zumuɗin kama burushi, sai ya tarar an jera masa tulu da ƙwarya da kujera an ce ya zana, yau da gobe da jibi. Hikimar ita ce, yawancin mutane suna zana abin da suka sani ne a ƙwaƙwalwa maimakon abin da ke gabansu. Kowa ya san bakin ƙwarya da'ira ne, don haka sai ya zana da'ira, alhali daga inda yake zaune abin da idonsa ke gani siffar ƙwai ce. Raba ido da wannan al'ada shi ne aikin shekarar farko, kuma yana cin lokaci fiye da yadda ake zato. Daga nan sai ilimin nisa da kusa, wanda ke bayyana dalilin da ya sa gefe biyu na titi ke neman haɗewa can nesa, da yadda ake auna raguwar girman abu gwargwadon nisansa. Mutanen Fulorans ta Italiya ne suka tsara ƙa'idojin wannan ilimi a ƙarni na 15, Leon Battista Alberti kuma ya rubuta su a littafi a 1435.

Akwai kuma zanen mutum yana zaune ko yana tsaye a gaban aji, haɗe da nazarin ƙashi da tsokar jiki, domin wanda bai san yadda kafaɗa ke haɗe da wuya ba, ko riga ya zana a jikin mutum za ta fito kamar an rataye ta a ƙusa. A makarantun Turai al'ada ce wanda ake zanawa ya tuɓe. Yadda ake gudanar da darasin ya danganta da makaranta da al'adar wurin da take, kuma uba ko ɗalibin da abin ya dame shi yana da haƙƙin ya tambayi sashen tun kafin rajista. Haka nan ana fita da ɗalibai waje su zana kasuwa da tasha da gonaki da lungunan gari, inda abin zanawar ba ya tsayawa jiran kowa.

Darasin launi shi ne inda mai fenti ke fara rabuwa da sauran. Ana farawa da launuka uku da ba a samun su ta hanyar gauraya, wato ja da shuɗi da rawaya. Shuɗi da rawaya su ba da kore, ja da rawaya su ba da ruwan lemo, ja da shuɗi su ba da shunayya. Wannan ko ɗan firamare ya sani. Abin da ke da wuya shi ne gane cewa launi ba ya zama shi kaɗai: jan da aka ajiye kusa da kore yana ƙara ƙarfi, wanda aka ajiye kusa da ruwan lemo kuma yana lafawa. Inuwa ba baƙa ba ce kamar yadda mai koyo ke zato, tana ɗauke da launin abin da ke kewaye da ita. Farar riga a rana tsaka da farar riga da la'asar sakaliya launi biyu ne daban. Wanda zai zana Kano cikin hazon hunturu dole ya koyi kashe ƙarfin launi ba tare da ya mayar da shi laka ba, kuma wannan shi ne wurin da aka fi gane ɗalibin da ya ƙware.

Kayan aikin kansu kowanne da halinsa. Duk wani fenti abu biyu ne: garin launi da abin da ke riƙe shi. A fentin ruwa, abin da ke riƙe garin shi ne ƙaro, irin wanda ake tsinta a dazukan Yobe da Borno da Jigawa da Sudan a kai Turai, kuma shi ne dai alaramma ke zubawa a tawadarsa. Fentin ruwa ba shi da tsada sosai, amma ba ya yafe kuskure, domin farin takardar shi ne haskensa, idan aka rufe shi ba ya dawowa. Fentin akirilik, wanda ya shigo kasuwa a tsakiyar ƙarni na 20, da wani sinadarin roba ake haɗa shi. Ana tsarma shi da ruwa, yana bushewa cikin mintuna, a lokacin hunturu ma yakan bushe a kan faifan haɗa launi kafin a kai shi jikin ƙyalle.

Fentin mai shi ne uban tafiya. Ana haɗa shi da man da ake tatsa daga 'ya'yan tsiron da ake yin yadin lilin da zarensa, kuma masu zanen ƙasar Filandas irin su Jan van Eyck ne suka kai shi ga kamala a ƙarni na 15. Bushewarsa ba ta tsanewar ruwa ba ce. Man ne ke shan iska a hankali har ya daskare, abin da ke ɗaukar kwanaki kafin a iya taɓa shi, da watanni kafin ya bushe har ciki. Wannan jinkiri shi ne amfaninsa, don yana ba mai zane damar gyarawa da narkar da launi cikin launi. Shi ne kuma haɗarinsa. Ƙa'idar da ake nanata wa ɗalibai ita ce shafin ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, na sama ya fi shi mai. Idan aka juya, na sama zai bushe ya bar na ƙasa yana motsi, bayan 'yan shekaru zanen ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Kafin a fara ma sai an ɗaure ƙyallen a jikin katako an ja shi ya yi tsam, an shafe shi da farin share fage, in ba haka ba man zai ci zaren ya ruɓar da shi. Ɗalibin kirki yakan fita da ɗan ilimin kafinta ko bai so ba.

Akwai batun lafiya da ba a cika faɗa ba. Wasu launuka, musamman wani farin da ake yi da dalma da ja da rawayan da ake yi da ƙarfen kadmiyom, guba ne idan suka shiga ciki, sinadaran wanke burushi kuma warinsu na cutar da ƙirji a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Cin abinci da hannun fenti ko gyara bakin burushi da leɓe al'adu ne da ake hana ɗalibi tun ranar farko.

Jarrabawar wannan fanni ba ta tsaya ga takarda da biro ba. Ana jingina ayyukan ɗalibi a bango, malamai da 'yan ajinsa su taru a kansu, a tambaye shi me yake nufi, a faɗa masa inda ya gaza a gaban kowa. Mai saurin fushi yakan sha wuya a nan, amma babu darasin da ya fi wannan amfani, domin kasuwa ma haka za ta yi masa, kuma ita ba ta bayani. A yawancin jami'o'i akwai watannin koyon aiki a waje ƙarƙashin shirin SIWES, inda ɗalibi ke zama a ɗakin aikin wani gwani ko kamfanin talla ko gidan buga littattafai. Shekarar ƙarshe kuma ta babban aiki ce: jerin zane-zane a kan jigo guda, da rubutaccen rahoto, da baje kolin da malami daga wata jami'a ke zuwa ya duba.

Nauyin aljihu

Kuɗin makaranta ba shi ne babban nauyin wannan karatu ba, kayan aiki ne. Ɗalibin tarihi na iya aron littafi ya mayar, amma fentin da aka matse ya tafi ke nan. Fenti mai kyau da burushi da takarda mai kauri kusan duk daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu na bin canjin dala sawu da ƙafa, kuma ɗalibi ne ke sayen nasa kowane zango. Ɗan kasuwar da zai tura ɗansa wannan fanni ya sa wannan a lissafi tun daga farko, musamman a aji uku da huɗu, lokacin da ayyukan ke girma. Ɗalibai na rage tsada ta hanyar haɗa kuɗi su sayi ƙyalle a dila, su haɗa farin share fage da kansu, wasu kuma su koma ga jan ƙasa da farar ƙasa da gawayi da shuni da lalle. Wannan dabara ta rashi ta haifar da ayyuka masu kyau, kuma malamai da yawa na ƙarfafa ta.

Batun addini

Ga iyali Musulmi wannan ita ce tambayar farko, kuma ba ta wasa ba ce. Akwai hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim masu tsananin gargaɗi ga masu suranta abu mai rai, kuma a kansu ne malamai da yawa suka haramta zana mutum ko dabba ta kowace fuska. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta yaɗu a wannan yanki, sun bambanta tsakanin cikakkiyar sura mai inuwa, wato mutum-mutumi, wadda suka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko bango, wanda hukuncinsa a wurinsu bai kai haram ba, ko da yake sun ƙi shi. Zanen abin da ba shi da rai kamar itatuwa da gine-gine da duwatsu kuwa jumhurin malamai sun halatta shi. Hukuncin abin da mutum zai yi na malaminsa ne, ba na jarida ba.

Abin da za a iya faɗa ta fuskar manhaja shi ne, babu yadda ɗalibi zai gama digirin bai zana mutum ba, kuma a shekarun share fage zai taɓa sassaƙa. Bayan ya ƙware kuma hanya a buɗe take. Akwai masu zanen da suka gina rayuwarsu kacokan a kan rubutun Larabci da siffofin lissafi da launi zalla. Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin allo daga Omdurman wanda ya yi karatu a Slade, ya dawo gida ya ɗora sabon salonsa a kan harafin Larabci, har gidan baje koli na Tate Modern da ke Landan ya shirya masa baje kolin ayyukan rayuwarsa a 2013, ko da yake shi bai bar zana siffar mutum ba. Ɗalibin da ya taso yana ganin zayyana da dagi da adon soro yana da taskar da takwaransa na wani wuri sai ya yi tafiya kafin ya gan ta, kuma har yanzu ba a taɓa ko rabinta ba.

Bayan an gama

Labaran da suka fi yawo su ne na manyan kuɗi. A Fabrairun 2018 an sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu a kan fam miliyan 1.2 a gidan gwanjon Bonhams da ke Landan, kuma a wannan shekarar wani aikin Njideka Akunyili Crosby, 'yar marigayiya Farfesa Dora Akunyili, ya haura dala miliyan 3 a gwanjo. Waɗannan gaskiya ne, amma ba su ne ma'aunin da uba zai yi lissafi da shi ba. Enwonwu ya rasu tun 1994, shekara 24 kafin wancan ciniki, kuma kuɗin gwanjo mai zanen da ke hannunsa ne ke karɓa.

Kasuwar zane a Najeriya a Legas ta tattaru, sai Abuja ta biyo baya. A Legas ne ake bikin ART X tun 2016, a can manyan gidajen baje koli da masu tara zane suke. Gidan baje kolin kan ɗauki kaso mai tsoka daga kuɗin duk zanen da ya sayar, kuma kafin ya karɓi sabon mai zane yakan so ya ga ayyuka masu yawa da ke tafiya a kan salo guda. Mai zanen da ke zaune a Kano ko Sakkwato ko Katsina yana fuskantar ƙarancin masu saye a kusa, ko da yake Instagram ya rage wannan tazara ƙwarai, tunda mai saye a Landan na iya ganin aikin da aka gama jiya a Samaru.

Mafi yawan masu wannan digiri suna haɗa zane ne da wani aiki. Koyarwa ita ce ta fi ɗaukar mutane, daga firamare har jami'a. Wanda bai bi reshen koyarwa ba zai buƙaci diflomar ilimi da rajista da hukumar TRCN, mai son zama malamin jami'a kuma sai ya ƙara digiri na biyu da na uku. A aikin gwamnati, mai digirin yana shiga a mataki na 8 kamar kowane mai digiri, kuma wuraren da suka fi dacewa da shi su ne Hukumar Baje Kolin Zane ta Ƙasa da aka kafa a 1993, da Hukumar Gidajen Tarihi, da hukumomin raya al'adu na jihohi, da sassan wayar da kai na ma'aikatu. Wasu na zana hotunan littattafan yara da na makaranta, wasu barkwancin siyasa a jaridu, wasu tsara dandali da kayan ado a masana'antar fim, wasu adon otal-otal da ofisoshi da masallatai. Zanen fuskar sarakuna da manyan mutane bisa oda shi ma yana ciyar da gidaje da dama. Wanda ya haɗa hannunsa da iya zane a kwamfuta ya fi samun ƙofofi, domin manhajojin da ke ƙirƙiro hoto da kansu sun riga sun fara cin kasuwar ƙananan ayyukan talla, kuma nan ne sabbin masu digiri suka saba samun na cefane.

Wani abin da manhajar ba ta cika ba shi haƙƙinsa ba shi ne ciniki: yadda ake yanka wa zane farashi, da rubuta yarjejeniya, da karɓar kafin alƙalami kafin a fara aikin oda. A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wanda ya sayi zane ya mallaki ƙyallen ne kawai. Ikon buga shi a kalanda ko atamfa ko bangon littafi yana nan a hannun wanda ya zana sai idan ya sallama shi a rubuce, kuma wannan haƙƙi yana bin magadansa har shekara 70 bayan rasuwarsa.